Ɗana ya cike ɓangaren uwarsa, nawa ya tsaya a suna biyu

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Jamus: "Assalamu alaikum. Ni Bakano ne, shekarata 14 a Hamburg, matata Bajamushiya ce, 'ya'yanmu biyu, namiji mai shekara 9 da ƙanwarsa mai 6. An ba yaron aikin gida a makaranta, ya zana danginsa tun daga kakanni. Ɓangaren uwarsa ya cika fam, har da hotuna da shekarun haihuwa. Da ya zo kaina, sunan mahaifina da na kakana kaɗai na iya ba shi. Sai ya ce, 'Baba, ku ba ku da mutane ne?' Hausa ba ya ji sai sannu da na gode. In Hajiyata ta kira a WhatsApp, kallon-kallo suke yi. Ta ina zan fara? Kuma ya dace in yi musu fasfon Najeriya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Maganar yaron nan ta yi zafi, na sani, amma gata ya yi maka da ya faɗe ta yanzu, Hajiya tana raye.

Ka fara gaya masa abin da ya sa takardar ta karkace. Su Jamusawa coci da hukuma ne suka riƙe musu sunaye. Tun 1876 ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa a ofishin gwamnati a faɗin ƙasar. Mu kuwa a ka ake riƙewa, kuma tsofaffin mata ne suka fi riƙo. Mutanenka suna nan, tambaya ce ba ka yi ba.

Sai dai kada ka ɗora wa Hajiya duka. Tsohuwar Bahaushiya ba za ta faɗi sunan mijinta ba, balle na surukinta, sai ta yi ta kewaye da "Malam" da "mai babban suna" har ka gaji. Ita danginta za ka tambaya. Ɓangaren mahaifinka kuwa goggo za ka nema, ko baffan da ya fi kowa tsufa. Kuma kada ka ce "a ba ni tarihin gidanmu", domin amsar da za ka samu ita ce, "Mu wane tarihi gare mu, sarauta muka yi?" Ƙananan tambayoyi ke buɗe bakin tsoho. Wace sana'a kaka ya yi? A wace unguwa aka haife shi, kafin nan daga ina suka taso? Wa ya taɓa zuwa Gwanja fataucin goro? Wa ya tafi Makka a ƙafa bai dawo ba? Tsagen da ke fuskar kaka na ina ne? Me ya sa ake ce wa wane Tanko? Wannan ta ƙarshe yara suna sonta, don kowane laƙabi labari ne: Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Jummai ranar Juma'a ta zo. Ka duba ranar da aka haifi naka, su ma ka laƙaba musu.

Ka sa wani ƙaninka a gida ya zauna da goggon da waya, su turo maka saƙon murya. Da ya iso, ka kwafe shi a kwamfuta, ka rubuta sunayen a littafi a daren. Ni goggona ta yi min irin wannan saƙo kusan 20, na bar su a waya ina cewa sai na samu lokaci. Wata biyu bayan rasuwarta wayar ta faɗa ruwa. Yau sunan kakar mahaifina, da na ji da kunnena, ba ni da wanda zan tambaya.

In ka tona, kada ka yi mamakin abin da zai fito. Kano gari ne na baƙi, sunayen unguwanninta ma sun isa shaida: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawa suka sauka, Ayagi ta Yarabawa. Ba wuya ka tarar kakar kakanka Bafulatana ce ko Babarbariya ko Buzuwa. Wannan ka nuna wa yaron, ya san ba shi ne ruwa-biyu na farko a gidanku ba. In kuma kun je gida wani ya ce masa barbarar yanyawa, ko da wasa ne, ka tsawatar a gabansa. Yaro yana lura da wanda ya tsaya masa.

Maganar harshe ita ce mai wuya, ba zan ɓoye maka ba. Hausawan Kumasi da na Nima a Akara da na Mai Wurno a Sudan sun riƙe Hausa shekara da shekaru saboda akwai zango: yaro ya fita ƙofar gida, mai ƙosai da Hausa za ta yi masa magana. A Hamburg kai ne zangon, ba kowa. To kada ka mai da abin makaranta, ka zaunar da su ranar Lahadi kana karanto musu Bayajida da Hausa Bakwai, za su tsani abin. Ka ware wurare biyu ko uku da Hausa kaɗai ke aiki, kamar gaisuwar safe da kan tabarmar abinci da lokacin kwanciya. Su amsa da Jamusanci, kai ka ci gaba da Hausarka. Da dare ka ce "Ga ta nan ga ta nanku", ka koya musu "Ta zo mu ji ta", ka sako Gizo da Ƙoƙi. 'Yar shekara 6 za ta riga yayanta kamawa, kada ka goranta masa.

Kallon-kallon da suke yi da Hajiya kuwa maganinsa yana cikin al'ada. Kaka ba hira take yi da jika ba, tsiya take masa. Ta ce, "Maigida, ina cefanena? Ka tafi Turai ka bar ni da yunwa." Ka koya masa ya ce, "Na sake ki, kin tsufa." Jimla ɗaya ce, amma dariyar da tsohuwar za ta yi sai ta zubar da hawaye, gobe shi zai ce a kira ta. Yarinyar kuma kishiya ce. Ka dai bayyana wa maiɗakinka wasan tukuna, kada ta ji an fassara mata ta rikice.

Ita ma maiɗakin naka ka jawo ta ciki, kada abin ya zama gasa tsakanin gida biyu. Kuna da mahaɗa a garinku. Heinrich Barth, Bajamushe matafiyi mai bincike, wanda ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, haifaffen Hamburg ne, kuma a 1855 ya koma Turai tare da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu daga ƙasar Damagaram. Yaron da zai tsaya a aji ya ba da wannan labari ba zai sake jin garin ubansa baƙo ne ba.

Fasfo kuwa, a yi. Sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa, kuma riƙe na Jamus bai soke masa wannan ba. Jamus ma tun 27 ga Yunin 2024 ta sakar wa kowa mara a kan riƙe ƙasa biyu. Za a nemi lambar NIN ta kowane yaro, da takardar haihuwarsa, da fasfonka, da amincewar iyaye a rubuce. Ana yi a ofishin jakadanci na Berlin ko ƙaramin ofishi na Frankfurt. Ka tabbata sunan da ke takardar haihuwarsu ta Jamus shi ne za a sa harafi da harafi, don Muhammad a nan, Mohammed a can, ya hana mutane da yawa barci. Kafin ku tashi zuwa Kano a yi musu allurar shawara a karɓi katin, kuma ka gaya wa goggo tun yanzu cewa kwana biyu cur a ɗakinta za ku yini.