Ga ƙanena mai son koyon tiyatar rage ƙiba a Ingila

Ƙanena, saƙonka na uku ke nan daga Gusau, kuma duk magana ɗaya ce: ka gama hidimar ƙasa, kana son zuwa Ingila ka ƙware a tiyatar rage ƙiba don ka ji an ce akwai kuɗi. To, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Zancen jarrabawar Turanci ta IELTS, da PLAB wato jarrabawar likitocin da suka yi karatu a wajen Birtaniya, da rajistar GMC wato hukumar da ke ba likitoci lasisi, ka san shi, ba sai na ɓata bakina ba.

Ni da farko abin dariya ma yake ba ni. A gida idan mutum ya yi teɓa cewa ake ya samu duniya, nan Ingila kuwa layi ake bi a yanke wa mutum wajen kashi 80 cikin 100 na tumbinsa, a bar masa ɗan siriri kamar ayaba. Aikin yana taimakon masu ciwon suga da hawan jini ƙwarai. Amma ɗinkin nan yakan yi yoyo, jini kan ɓalle, gudan jini kan tafi huhu. Wanda ya yi makonni yana amai ba a ba shi bitamin B1 ba, ƙwaƙwalwarsa na iya taɓuwa.

Yoyon nan shi ya kusa cin aikina. A shekarata ta biyu ina aikin dare, nas ta kira ni kan wata mata da aka yi wa aikin, bugun zuciyarta ya haura 120. Na duba ta, na buga wa babban likita waya, ya ce a ƙara mata ruwa a jira safiya. Kafin asuba cikinta ya ruɓe da ƙwayoyin cuta, aka koma da ita ɗakin tiyata. Allah ya yi da sauran kwananta. Bayan fiye da shekara sai ga takardar lauya, domin a nan mara lafiya na da shekara 3 ya shigar da ƙarar sakaci. Babban ya ce bai tuna da wata waya ba, ni kuma ban rubuta a fayil ba. Wata takwas barci sai ɓarawo, ko Inna ban gaya wa ba. Bayanan wayar asibiti ne suka wanke ni. Yau ni ake kira idan aiki ya rikice, amma har gobe ba na barin gefen gado sai na rubuta lokaci da sunan wanda na kira.

A gida dangi za su ce ƙaddara ce, su yi maka godiya ma. Nan ba mai ce maka haka. Tun hukuncin da kotun ƙolin Birtaniya ta yanke a shari'ar Montgomery a 2015, dole ka zaunar da mutum ka faɗa masa duk haɗarin da zai so ya sani kafin ya sa hannu. Diyyar dai NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ke biya, amma lasisinka naka ne kai kaɗai. Ga kuma masu zuwa Turkiyya a yi musu wannan tiyata da araha, su dawo da zazzaɓi ba takardar bayanin aikin da aka yi musu, kai ne za ka tarbe su ƙarfe 3 na dare.

Idan har yanzu kana so, ka fara samun shekara biyu a sashen tiyata a gida hannunka ya faɗa. Kuɗin PLAB zan biya rabi, sauran ka nema. Ka gaishe da Inna.