Manchester da audugar da ba ta taɓa nomawa ba

Tambaya: Malam, mu dai da ƙwallo muka san Manchester. Sai na ji an ce a da ita ke tufatar da duniya. Ta yaya, alhali auduga ba ta fita a Ingila? (Daga wani mai karatu a Funtuwa)

Amsa: Gaskiya aka gaya maka, ɗan'uwa. Ba sa noma ta, kaɗi da saƙa ne sana'arsu. Garin yana da kwal a kusa, da iska mai laima da ke rage tsinkewar zare, ga tashar jiragen ruwa ta Liverpool a maƙwabta. Da aka buɗe hanyar ruwa ta Bridgewater a 1761, kuɗin kwal ya faɗi da kusan rabi, daga baya injunan tururi suka more wannan araha. A 1830 jirgin ƙasa ya haɗa shi da Liverpool. Mutanen da ba su kai 100,000 ba a 1801 sun haura 300,000 a 1851.

Ita audugar kuwa, galibinta daga jihohin kudancin ƙasar Amurka take zuwa, gumin bayi ce. Ba na son a tsallake wannan in ana yabon garin. A masaƙun ma ƙananan yara ake sawa aiki, tun 1819 doka ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 9 ba, amma sai a 1833 aka fara tilasta bin ta da gaske.

Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, auduga ta yanke, masaƙu suka rufe, yunwa ta shiga gidajen ma'aikata. Wannan tsoro bai bar masu masaƙu ba. A 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, wato BCGA, a Manchester don neman wasu gonaki, idonsu ya faɗa kan Arewacin Najeriya, shi ne asalin gidajen gurzar auduga na Zariya da garinku. Sun sa rai jirgin ƙasan da ya isa Kano a 1911 zai kwaso musu auduga. Manoman Kano suka yi lissafinsu suka koma gyaɗa, don ta fi kawo kuɗi. Audugar ma, masaƙan gida sukan fi Turawa ba ta daraja a kasuwa.

Faɗuwar masaƙun Manchester ta fara bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, na 1914. Indiya da Japan suka riƙa saƙa nasu da araha, Gandhi ya sa Indiyawa ƙaurace wa yadin Ingila. Ta kai a 1957 wani kamfanin Lancashire, yankin Manchester, mai suna David Whitehead, ya haɗa hannu da gwamnatin Arewa aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a Kaduna, kusa da inda ake noman audugar.