Allon laftof ɗina 144Hz ne, me ya sa hoto ke jan inuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Garwa. Na sayi laftof ta hannu, irin ta wasanni, mai ita ya ce allonta 144Hz ne. Amma in ina wasan ƙwallo ko na harbi, da zarar na juya kyamara sai in ga wata inuwa tana bin 'yan wasa a baya. Rubutu ma in ina jan shafi sama ko ƙasa sai ya yi dishi-dishi. Mai gyara ya ce allon ne ya gaji, sai an canza. In canza ne, ko akwai wata dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Allon da ya lalace yakan nuna kansa da layuka a tsaye, ko baƙin tabo, ko ɗauke haske yana dawowa. Inuwa mai bin abin da ke motsi ba alamar gajiya ba ce, galibi haka allon ya fito daga kamfani. In mai gyara ya sa maka wani irinsa sak, inuwar tana nan, kuɗin kuwa sun tafi.

Lambar 144Hz tana faɗin abu ɗaya ne kawai: allon yana karɓar sabon hoto sau 144 a cikin daƙiƙa guda, wato kowane hoto yana da milisakan 6.9 kafin na bayansa ya iso (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). A 60Hz milisakan 16.7 ne, a 240Hz kuma 4.2. Abin da lambar ba ta faɗa ba shi ne tsawon lokacin da kowane ɗigo na allon yake ɗauka kafin ya bar launin da yake kai ya koma sabo. A allon LCD akwai fitila a baya da ke ci kullum, gabanta kuma ƙwayoyin wani ruwa ne da wutar lantarki ke murɗawa, kamar ƙananan tagogin luba da ake buɗewa a rufe domin a rage haske ko a ƙara. Murɗawar nan tana cin lokaci. Allo mai kyau yana gamawa cikin milisakan 3 zuwa 7. Da yawa daga cikin masu araha da ake sa wa ƙananan laftof na wasanni suna wuce milisakan 20, duk da an rubuta musu 144Hz. Ka lissafa da kanka: ɗigon da ke buƙatar milisakan 25 sai hotuna uku sun wuce shi bai gama sauyawa ba. Ragowar tsohon hoton da bai gama gogewa ba, ita ce inuwar da kake gani tana bin ɗan wasa. Ta fi fitowa a wurare masu duhu, domin sauyi daga baƙi zuwa toka-toka ya fi kowanne nawa.

Dishi-dishin rubutu kuwa wata matsala ce daban, kuma ko allon da ya fi kowanne sauri bai tsira daga gare ta ba. Allon yana riƙe kowane hoto cik har na gaba ya zo, idonka kuma ba ya tsayawa, yana ci gaba da bin abin da ke tafiya. Saboda haka hoton da ke tsaye sai ya shafu a cikin idon. In abu yana gudun ɗigo 960 a daƙiƙa, faɗin shafewar ɗigo 16 ne a 60Hz, kusan 7 a 144Hz, 4 a 240Hz. Allon OLED ma, wanda ɗigonsa ke sauyawa a ƙasa da milisakan ɗaya, inuwa ce kawai ya kashe, wannan dishin yana nan. Abu mai muhimmanci a nan: lissafin yana bin yawan hotunan da wasan ke fitarwa ne. In katin hoto, wato sashen laftof da ke zana hotunan wasan, yana ba da 48 kawai a daƙiƙa, kowane hoto zai zauna kusan milisakan 21, ka ga ka koma ƙasa da mai 60Hz ke nan ko da allonka 144 ne.

To, kafin a zargi allo, fara da abin da ba ya cin ko sisi. Jona caja, sannan ka shiga Paramètres, Système, Écran, Affichage avancé, ko Settings, System, Display, Advanced display in na'urar da Ingilishi take, ka duba lambar da aka zaɓa. Laftof ɗin da aka sake zuba wa Windows sau da yawa takan zauna a 60Hz ba wanda ya lura. In 144 ba ta cikin jerin kwata-kwata, ko direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa shi, ne ba a sa ba, ko kuma an taɓa canza allon da mai 60Hz kafin a sayar maka, abin da ba baƙo ba ne a kayan hannu. Batun caja kuma ba wasa ba ne: da yawa daga irin waɗannan laftof da an ɗauke wuta sun koma kan batir sai su sauke allo zuwa 60Hz, katin hoto ma ya rage ƙarfi. Wanda ke wasa lokacin da babu wuta, wataƙila allo mai 60Hz yake kallo.

Bayan haka buɗe shafin testufo.com, ba ya cin data sosai. Za ka ga wani ɗan jirgi yana ratsa allo a layuka daban-daban. Bi shi da ido. In ka ga duhuwar jela a bayansa, nawar ɗigo ce. In farin kambu ne mai haske a gefensa, wannan kishiyarta ce, za mu zo kanta. In kuwa jirgin gaba ɗaya ya yi laushi ba tare da jela ba, dishin riƙe hoto ne, ba laifin kowa.

Akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama tsakanin allo da wasa. Danna Windows da Alt da R lokacin da kake wasa domin ɗaukar bidiyon allo, ka juya kyamara da sauri, sannan ka buɗe bidiyon ka tsayar da shi a tsakiyar motsin. Na'urar tana ɗaukar abin da katin hoto ya zana ne, ba abin da gilashin ya nuna ba. In inuwar ta fito a hoton da ke tsaye, wasan ne ya zana ta da kansa. Shiga saitin wasan ka kashe Motion Blur, ka gwada sauya TAA da wani nau'in gyaran gefe, haka DLSS ko FSR, dabarun ƙara girman hoto, domin galibinsu suna haɗa hoton yanzu da na baya, su ma sukan bar jela a bayan ƙwallo da ƙafafun 'yan wasa. In hoton ya fito tas, to laifin allo ne.

In ta tabbata allon ne, nemi Overdrive a manhajar kamfanin: Armoury Crate a ASUS, Vantage a Lenovo, NitroSense ko PredatorSense a Acer. Ba kowace laftof ke da shi ba. Aikinsa tura wa ɗigo wuta fiye da buƙata na ɗan lokaci domin ya murɗa da sauri. In ya yi yawa sai ɗigon ya zarce launin da ake so sannan ya dawo, daga nan farin kambun nan ke fitowa. An daidaita shi ne domin 144Hz, don haka in allon mai G-Sync ne ko FreeSync, wato mai bin saurin hotunan wasan, wasan kuma ya faɗo 50 ko 60, kambun yakan ƙara fitowa. Kunna ka gwada, kashe ka gwada, ka zauna a kan wanda idonka ya fi jurewa.

Yanayinmu ma yana da hannu, amma ta bayan gida. Sanyi ne ke sa ruwan LCD nawa, wanda ba damuwar mutumin Garwa ba ce. Damuwarka zafin Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka. Katin hoto da ya yi zafi sai ya rage gudu, hotuna su faɗo, dishin ya ƙaru. Kunna ma'aunin hotuna a wasan ka lura: in ya fara da 110, bayan minti goma sha biyar ya koma 55, a buɗe na'urar a share fanka a sabunta man da ke kan firosesa, ka daina ɗora ta kan katifa, ka kuma rage ingancin inuwa da haske a saitin wasan. A ganinmu hoto matsakaici mai 120 ya fi kyakkyawa mai 50 daɗin ido nesa ba kusa ba.

Canjin allo yana da amfani ne kawai in za a sa wanda ya fi na yanzu sauri. Manhajar HWiNFO za ta nuna maka lambar allonka: a masu inci 15.6, B156 na AU Optronics ne, NV156 na BOE, N156 na Innolux, LP156 na LG. Bincika cikakkiyar lambar a intanet ka ga saurinsa. Wata alama ita ce ma'aunin yawan launi: wanda aka rubuta wa 45% NTSC galibi shi ne mai nawa, mai 72% NTSC ko 100% sRGB yakan fi sauri. Sabon dole ya dace da bakin wayar, domin masu 60Hz yawanci fil 30 gare su, masu 144Hz fil 40, kuma akwai fil 40 na allon taɓawa da ba ya aiki a nan. A duba ko da noti ake ɗaure shi ko da gam. Ka tsaya a kan mai gyara ya cire wayar batir kafin ya taɓa wayar allo, in ba haka ba fiyus ɗin fitilar baya na iya ƙonewa, ka koma gida da allo baƙi ƙirin. In kuma a ɗaki kake wasa kullum, kwatanta kuɗin wannan aikin da na monita mai 144Hz da za ka jona ta HDMI, ka gwada ta da jirgin nan tun a shago kafin ka biya.