Musa Dube mace ce, ga kaɗan daga tarihin karatunta

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Farfesa Musa Dube namiji ne. Mace ce, 'yar ƙasar Botswana. Sunan nata ba Musa irin namu ba ne, a harshensu yana nufin alheri.

Ta yi digirin digirgir a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka a 1997, ta daɗe tana koyar da Sabon Alkawari na Littafi Mai Tsarki a Jami'ar Botswana, daga baya ta koma Jami'ar Emory.

Abin da ya fi taɓa ni a aikinta shi ne yadda ta bi diddigin wata tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta harshen Setswana na Botswana, ta tarar an sa "badimo", wato kakannin da suka riga mu, a gurbin aljanu. Ka ga mutum na karanta nassi, ana ce masa kakanninsa aljanu ne. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.