Yis ɗina yana warin giya, ko sukari ne bai isa ba?

Tambaya: Malam, gidan burodi gare ni a Maiurno, ƙasar Sudan. Hamira, wato yis, ta shaguna ta yi tsada, sai na fara renon yis da kaina da mulas, baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura a kamfanin sukari. Yis bai auki ba, sai warin giya, kwaɓi kuma ba ya tashi. An ce in ninka mulas. Jarina na neman ƙarewa.

Amsa: Ɗan'uwa, dakata kada ka ninka komai. Mulas ɗin rake irin na kamfanonin sukari na Kenana ko Sinnar ba shi da laifi, kusan rabinsa sukari ne, kuma da shi masana'antu ke renon yis. Yis na fasa sukarin rake gida biyu, gulukos da furaktos, da wani inzayim (sinadarin da ke fasa abinci) da ke jikinsa mai suna inbatas.

Wanda ya ce ka ƙara shi ya cuce ka. Kullum sai na ji wannan magana, wai sukari abincin yis ne, a tula masa. Idan sukari ya yi yawa a tanki, yis na rage haihuwa ya koma yin barasa, ko da kana hura masa iska. Warin da kake ji ke nan. Kilo ɗaya na sukari kan ba da kusan rabin kilo na busasshen yis in an bi a hankali. In an tula, da ƙyar a samu giram 100. Shi ya sa masana'anta ke ɗiga mulas kaɗan-kaɗan, awa bayan awa, iska na shiga ba tsayawa. Ga kuma wata ɓarnar: gulukos mai yawa na danne inzayim ɗin da ke cin maltos, sukarin da ke fitowa daga fulawa. Sai yis ya shiga kwaɓi ya kwanta kamar wanda ya ci tuwon dare. In ruwan ya cika kauri ma, zuƙe ruwan jikin yis yake yi. Masu wannan shawara ba su taɓa leƙa tanki ba, amma bakinsu ya fi na kowa.

Ka tsinka mulas da ruwa, ka tafasa, ya huce zuwa digiri 30. Yana da ƙarancin naitirojin da fosfet, sinadaran da yis ke buƙata don ya hayayyafa, sai an ƙara irin na abinci. Takin gona kuwa kada ya kusanci abin da mutane za su ci da fulu (dafaffen wake) da safe.