Kwamfuta ko Kuɗin Lasin: Me Zan Fara Yi wa 'Yata?

Tambaya: Ina sayar da tumatir da attarugu a kasuwar Mile 12 da ke Legas. 'Yata za ta shiga SS1, ta nace sai ajin kimiyya, wai injiniya za ta zama. Kuɗina ba zai kai ga kwamfutar da take so da malamin lasin (mai ƙarin darasi bayan makaranta) gaba ɗaya ba. 'Yan'uwa kuma na cewa aikin maza ne, ƙarshenta ɗakin miji.

Amsa: Alhaji, fara da lasin, na lissafi musamman. Mai neman injiniyanci darussa huɗu za ta rubuta a JAMB: Turanci, lissafi, Fisiks da Kemistiri, kuma tana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO. Idan lissafi ya yi rauni, Fisiks ma ba zai zauna ba, kuma kwamfuta ba ta gyara wannan. Kafin ka biya kuɗin makaranta, ka taka da ƙafarka ka ga ɗakin gwaje-gwaje. Makarantu da yawa sunan kimiyyar ke allo, kayan aiki babu, ga shi WAEC na da jarrabawar gwaji.

Kwamfuta ta jira zuwa SS2 ko SS3, tunda JAMB a kwamfuta ake yi, gara hannunta ya saba. Tokumbo, wato ta hannu, ta wadatar. Ka je kasuwar kwamfutoci ta Computer Village da ke Ikeja tare da wanda ya san harkar, a duba batir, RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) ya kai 8GB, a karɓi rasit. Kada ka saya a hannun masu tare mutane a bakin titi.

Maganar 'yan'uwa kuwa, aure bai hana Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ba. Sai da ta yi aure ta haihu sannan ta shiga Jami'ar Bayero, ta zama farfesar Fisiks, ta karɓi lambar yabo ta duniya a 2015. A 2024 kuma mace, Margaret Oguntala, ta zama shugabar ƙungiyar injiniyoyin Najeriya karo na farko.

Tambaya: Hajiya ce daga Agege. Ba na so yarinyata ta yi nisa da gida. Yabatech (kwalejin fasaha ta Yaba) ko jami'a?

Amsa: Hajiya, ai Legas ba ta rasa ba: ga UNILAG (Jami'ar Legas) a Akoka, LASU (Jami'ar Jihar Legas), da Yabatech wadda ke nan tun 1947. Ta sa jami'a a zaɓin farko. In maki bai kai ba, kada ta zauna gida shekara guda: ta yi difloma a Yabatech, daga baya ta nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu.