Amsa: Westerhof ko Bonfrere, wa ya fi yi wa Super Eagles aiki?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin waɗannan masu horarwa 'yan Holan biyu wa ya fi yi wa ƙwallon Najeriya aiki. A ganina Clemens Westerhof ne, ba tare da raina Jo Bonfrere ba.

Westerhof ya karɓi ƙungiyar a 1989. A gasar kofin Afirka ta 1990 Aljeriya ta lallasa mu 5-1 a wasan farko, amma bai karaya ba, sai da ya kai mu wasan ƙarshe. A 1992 muka zo na uku, a 1994 kuma muka ɗauko kofin a Tunisiya bayan doke Zambiya 2-1, Amunike ne ya zura duka biyun. A shekarar ce ya kai mu gasar kofin duniya karo na farko, a Amurka. Wa zai manta da Rashidi Yekini yana riƙe da raga yana ihu bayan ya ci Bulgeriya? Wallahi har yau fitar da Italiya ta yi mana tana min ciwo, saura minti biyu a tashi Baggio ya farke.

Abin da ya fi burge ni shi ne idonsa wajen zaƙulo yara daga ƙungiyoyin gida. Daniel Amokachi yana Ranchers Bees ta Kaduna, yaro ɗanye shakaf, ya jawo shi.

Bonfrere ya ciyo mana zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, ya doke Brazil da Ajantina, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai mataimakin Westerhof ne kafin nan, kuma irin su Okocha, Oliseh da Amokachi a hannun maigidansa suka goge.